Yaye Mashayi a Hannun Likita, da Abin da Ke Biyo Baya

Jawabin da wani likita ya gabatar a gaban ɗalibai da ƙananan ma'aikata a garin Zuru



An nemi in yi magana a kan shaye-shaye. To, wannan fage ne da aka sha sukuwa a cikinsa. Malamai sun yi wa'azi a masallatai da majami'u, hukuma ta yi kame, gidajen rediyo sun yi gargaɗi, har babu wanda ke zaune a nan da bai san cewa shaye-shaye ɓarna ne ba. Saboda haka ba zan ɓata muku lokaci da abin da kuka riga kuka sani ba. Abin da nake so mu duba shi ne ranar da wa'azin ya kama, watau ranar da ɗan'uwanmu mashayi ya dubi kansa ya ce, "Ni dai na gaji, na daina." Me ke faruwa a jikinsa daga wannan rana? Wa ya kamata ya tsaya a kansa? In ya tsallake makon farko kuma, me ya rage?

Aikin da likita ke yi wa mutum a wannan mako na farko, na raba jikinsa da abin da ya saba sha ba tare da ya halaka ba, shi zan riƙa kira yaye. Ku ɗalibai kun san wani yayen da kuke jira, amma wanda nake nufi ya fi kama da na jariri. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ko na Badakkare ya san ba a cire yaro daga nono a yar da shi. Kai shi ake yi wurin kakarsa, wadda ta san kukan daren farko, ta tanadi kunu, ta kuma san lokacin da kukan ya wuce na rigima ya zama na ciwo.

Girman Matsalar

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, ta gudanar da bincike a duk faɗin Nijeriya, aka bayyana sakamakonsa a farkon 2019. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 sun sha tabar wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuwa sun sha maganin tari don maye. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an sami kimanin mutum miliyan 3, watau kashi 12 cikin ɗari. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar kuma, ɗaya ya riga ya kamu, shan ya zame masa cuta.

Ƙasar Zuru ba ta fita daga wannan lissafi ba. Akwai ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramadol da asuba don ya yi noman mutum biyu, akwai ɗan kabu-kabu da ke sha don kada ya ji gajiya, akwai ɗalibin da ya fara don ya kwana karatu, akwai kuma wanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidansa a Danko-Wasagu ko Sakaba, barci ya ƙaurace masa sai da ƙwaya. Ga kuma burkutu da ogogoro da giyar kwalba, waɗanda ba baƙi ba ne a wannan yanki.

Ta fuskar kame da hukunci, ƙasar nan ba ta yi kwance ba. An kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma ɗan wannan ƙasa tamu, marigayi Manjo Janar Musa Bamaiyi, ya shugabance ta daga 1995 zuwa 1998. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma hani da kame suna tare hanyar kaya ne kawai. Wanda jikinsa ya riga ya saba yana nan da cutarsa, kuma wancan binciken ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shan nasu ya fi haɗari sun ce suna bukatar magani, galibinsu kuwa sun ce samunsa da wuya.

Dalilin da Ya Sa "Ka Daina Kawai" Ba Ya Wadatarwa

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa daina shaye-shaye magana ce ta zuciya kaɗai, wanda ya kasa kuma rago ne. Haƙiƙa niyya ita ce tushe, domin babu likitan da zai iya warkar da wanda bai so ba. Sai dai jiki ma yana da tasa maganar.

Giya da ƙwayoyin barci suna danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara ƙarfin nata aikin don ta rama dannewar, kamar mai tuƙa keke yana fuskantar iska, dole ya ƙara taka feda. Shi ya sa kwalba ɗaya ta bara ba ta isar mashayi bana. To, ranar da aka janye abin shan farat ɗaya, iskar ta tsaya ke nan, amma ƙafa ba ta daina takawa da ƙarfi ba. Daga nan ne karkarwa da zufa da bugun zuciya da jijjiga ke tasowa. Wannan ba shagwaɓa ba ce, ba kuma aikin iskoki ba ne. Ciwo ne sananne, wanda aka san lokacin zuwansa, aka kuma san maganinsa.

Kowane abin maye da irin nasa ciwon rabuwa, kuma ya kamata ku san bambancinsu, domin wani yana wahalarwa ne, wani kuwa yana kisa.

Na farko, giya. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya tsaya, alamu sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe: hannu na rawa, zufa, tashin zuciya, fargaba, rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa, kaɗan daga cikinsu, waɗanda ba su wuce biyar cikin ɗari ba, sukan faɗa cikin wata muguwar ruɗewa: jiki ya yi zafi, mutum ya kasa gane inda yake, ya riƙa ganin macizai da ƙwari suna bin bango. A zamanin da ba a san maganin wannan hali ba, yakan kashe har mutum ɗaya cikin uku. A yau, in an yi jinya a asibiti, masu mutuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa: giyar da mutane ke rainawa ita ce wadda daina ta babu likita ya fi kisa.

Na biyu, ƙwayoyin barci da kwantar da hankali, irin su dayazifam da Rohypnol. Waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne da giya, kuma yanke su rana ɗaya yana iya jawo jijjiga da ruɗewa. Likita yakan rage su ne kaɗan-kaɗan, cikin makonni, wani lokaci har watanni.

Na uku, tiramadol da kodin da danginsu. Ciwon rabuwa da su yakan fara cikin yini guda, ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa bayan mako ɗaya zuwa kwana goma. Mutum zai ji kamar ana sassara masa ƙashi, ga hamma, ga majina da hawaye, ga murɗar ciki da amai da gudawa. Ba safai wannan ke kisa ba, amma amai da gudawa suna iya ƙarar da ruwan jiki, kuma azabar kan sa da yawa daga masu gwadawa su kaɗai su koma sha. Mace mai ciki kuwa, yankewa farat ɗaya na iya jawo mata ɓari ko haihuwar bakwaini. Shi tiramadol yana da wani sharri na dabam: likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma na bayan fage akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, wasu kuma sukan haɗiyi uku ko huɗu a tashi guda, abin da ke jefa su cikin jijjiga.

Na huɗu, tabar wiwi. Mai daina ta yakan yi fama da saurin fushi, rashin barci da rashin son abinci na mako ɗaya ko biyu. Wannan ba ya barazana ga rai, sai dai a wasu mutane wiwi kan tayar da taɓin hankali, wanda shi ma yana bukatar nasa magani.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yawancin matasanmu ba abu ɗaya suke sha ba. Sukan haɗa biyu ko uku, iyaye kuwa ba su san ko ɗaya ba.

Abin da Likita Ke Yi

Aikin yana farawa ne da tambaya: me kake sha, nawa, tun yaushe, yaushe ne na ƙarshe, ka taɓa yin jijjiga? A nan gaskiya ita ce rabin magani, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma ƙa'idar aikinsa ta wajabta masa riƙe sirrin maras lafiya. Bayan tambaya sai awo: hawan jini, sukari, lafiyar hanta, da gwajin cututtuka irin su ciwon hanta da tarin fuka da ƙanjamau. Za a kuma duba ko akwai ciwon damuwa ko tunanin kashe kai, domin sau da yawa su ne suka tura mutum ga sha tun farko.

Daga nan likita zai yanke shawarar inda za a yi yayen. Ba kowa ake kwantarwa ba. Wanda shansa bai yi nisa ba, yana kuma da mai kula da shi a gida, yana iya zuwa asibiti kullum a duba shi ya koma. Amma wanda ya taɓa jijjiga, da mai haɗa abubuwa da yawa, da mai ciki, da mai wata cuta a jiki, da wanda ba shi da kowa, lalle a ba su gado.

Mashayin giya akan ba shi maganin da zai riƙe ƙwaƙwalwar, galibi dayazifam, a bisa awo, ana ragewa kullum har a tsayar cikin kwana biyar zuwa bakwai. Ana kuma yi masa allurar bitamin B1, domin giya na ƙarar da shi a jiki, rashinsa kuwa na iya lalata ƙwaƙwalwa lalacewar da ba ta gyaruwa, mutum ya rasa iya riƙe sabon abu a kansa har abada. Mai rabuwa da tiramadol ko kodin akan rage masa sannu a hankali, ko a ba shi magungunan tsayar da amai da gudawa da ciwon jiki, tare da ƙarin ruwa. Akwai kuma metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2005, masu riƙe wanda ya yi nisa na tsawon lokaci har rayuwarsa ta daidaita. Duk tsawon kwanakin nan ma'aikatan jinya suna auna bugun zuciya da zafin jiki dare da rana. Wannan sa ido shi ne bambancin asibiti da ɗakin da aka kulle da kwaɗo.

Ina roƙonku kada wani ya ji sunan dayazifam ya tafi kemis ya sayo don ya yi wa abokinsa yaye a ɗakin kwana. Maganin da ke ceto a hannun likita shi ne ke tsayar da numfashi in aka haɗa shi da giya ko tiramadol.

Mari da Sasari

Iyaye da yawa, saboda ƙauna da rashin sanin inda za su nufa, sukan kai 'ya'yansu gidajen mari. Kowa ya tuna abin da ya bayyana a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba na shekarar aka sake gano irinsa a Daura. Bayan abin da muka faɗa game da jijjiga da ruɗewa, kowa zai iya gane haɗarin ɗaure mashayin giya a turu a kwanakin nan na farko: a lokacin da ya fi bukatar allura, sai a ɗauka taurin kai ne, a ƙara masa bulala. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma haramta ɗaure masu larura da sarƙa. Addu'a da nasihar malamai da limaman coci suna da babban matsayi wajen ƙarfafa zuciyar mai jinya, kuma babu likitan kirki da zai hana su. Wurinsu shi ne gefen gadon asibiti, tare da magani.

Bayan Yaye

Yanzu na zo kan abin da na fi so ku tafi da shi. A ce an yi kwana bakwai ko goma, karkarwa ta tsaya, ido ya washe, abinci ya fara shiga. Iyaye sukan yi murna su ce ya warke, su biya kuɗi su tafi gida. Nan ne ake yin babbar asara. Ku ɗaliban aikin gona kun fi ni sanin cewa wanda ya yi sassabe ya ƙone ciyawa bai yi noma ba tukuna, in kuwa ya tafi ya bar filin, damina ɗaya ta isa daji ya koma yadda yake. Yaye sassabe ne. Ya fitar da abin maye daga jini, amma bai taɓa abokan da ake sha tare da su ba, bai taɓa zaman banza ba, bai taɓa baƙin cikin da ake gudu ba, bai kuma kashe ƙawar da ke tasowa in an bi ta gaban mashaya ba.

Akwai ma wani haɗari da yaye ke haifarwa. Bayan mako biyu babu sha, jiki ya manta da sabonsa. Idan mai tiramadol ko kodin ya koma ya sha adadin da yake sha a da, abin da jiya bai yi masa kome ba yau yana iya tsayar masa da numfashi. Mutane da yawa a duniya sun mutu ta haka, kwanaki kaɗan bayan fitowarsu daga asibiti ko kurkuku. In kuka sami wani a sume, numfashinsa na fita da ƙyar, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku garzaya da shi asibiti, domin akwai allurar naloksan mai karya irin wannan maye cikin mintoci.

Wani bincike da likitocin Amurka suka wallafa a 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma sha, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tasowa bayan magani. Babu mai korar mahaifinsa daga gida don jininsa ya sake hawa, komawa asibiti ake yi da shi. Haka ya kamata a yi wa wanda ya zame. Masana sun kuma lura cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. A cikin waɗannan watanni ake zaman ba da shawara, ake koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi, ake maganin damuwa, ake sulhunta shi da danginsa, ake nema masa sana'a ko hanyar komawa karatu.

Mu mutanen wannan ƙasa bai kamata tsawon lokaci ya ba mu tsoro ba. A al'adar Lelna ta gargajiya, saurayi yakan yi shekara bakwai yana golmo a gonar surukansa kafin a ba shi mata, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, da sa'o'insa yake fita. Jama'ar da ta san a yi shekara bakwai ana neman abu mai daraja ba za ta sa ran a gyara rayuwar mutum cikin kwana bakwai ba. Wannan hikima ta jingina mai jinya da jama'arsa ita ce Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki da ita tun daga 1954 a Aro, kusa da Abekuta, inda ya riƙa saukar da masu larurar ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba wa tsarin, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ina za a nufa? A fara da babban asibiti mafi kusa, domin magungunan yayen giya ba masu tsada ba ne, kuma kowane likita an koya masa aiki da su. In lamarin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitocin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware ta Jihar Sakkwato da Barnawa ta Kaduna. Tafiya ce mai nisa daga Zuru, ga kuɗin mota, ga halin hanya, kuma nisan nan kansa yana cikin abin da ke tura iyaye gidan mari.

Saboda haka, ku ƙananan ma'aikata, waɗanda gobe ku ne za ku riƙe fayil ɗin kasafin kuɗi a ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, ku tuna da wannan bukata: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon rabuwa da maye, a keɓe gadaje ko da kaɗan ne, a ajiye magungunan da na ambata. In kuma abokin aikinku ne ya kamu, kafin a rubuta masa takardar kora, a gwada ba shi hutun jinya.

Ku kuma ɗalibai, kun fi iyaye da malamai sanin wanda ke sha, domin ɗaki ɗaya kuke kwana. In abokinka ya ce zai daina, kada ka ce masa ya daure kawai, ka raka shi wurin likita. In ya dawo, kada ka yi masa laƙabi, kada ka bar shi ya zauna shi kaɗai da yamma, ka taimaka masa ya cike karatun da ya wuce shi. Ƙungiyarku tana iya neman hukumar jami'a ta bambanta mai sayarwa da wanda ya kawo kansa neman magani, domin in sakamakon faɗin gaskiya kora ne, babu wanda zai faɗa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zuru ta ba Nijeriya sojoji da janar-janar, har da wanda ya jagoranci yaƙi da masu fataucin ƙwaya. Fatana shi ne daga cikin waɗanda ke zaune a nan a sami likitoci da ma'aikatan jinya da masu tsara manufa da za su kula da waɗanda ƙwayar ta riga ta kama.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma ba ku sa'ar karatu.